BABI NA UKU: WAƘAR KAREN MOTA TA ƊANMARAYA JOS, SALSALARTA DA GADON DA TA BARI A ƘASAR GWARZO DA KABO

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin rabe-raben makaɗan Hausa da irin matsayin da kowane rukuni yake da shi a cikin al'umma. A wannan babi kuwa za a ɗauki waƙa guda ɗaya tak a feɗe ta, wato Waƙar Karen Mota ta Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos, wadda aka fi sani a matsayin waƙarsa ta farko, kuma wadda ta fara fito da sunansa a ƙasar Hausa. Za a dubi salsalarta da turkenta da yadda aka gina ta, sannan a waiwayi abin da ta bari a tsakanin mutanen tasha a ƙasar Gwarzo da Kabo, inda nan ne farfajiyar wannan bincike. An bi hanyar nazari wadda Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka (1993), sai dai an fi daɗewa a kan salsala da turke, domin a nan ne gardamar take.

3.1 Batun "waƙar farko"

Kafin a shiga cikin waƙar, ya kamata a warware wata 'yar sarƙaƙiya. A ƙasashen Turai idan aka ce waƙar farko ta wata ƙungiyar mawaƙa, ana nufin faifan farko da kamfani ya buga mata ya kai kasuwa, mai ɗauke da rana da wata da shekara. Alal misali, ƙungiyar nan ta samari huɗu 'yan birnin Libaful ta Ingila, wato Beatles, faifansu na farko mai suna Love Me Do ya fito ranar 5 ga Oktoba, 1962, ya kuma kai mataki na 17 a jerin faya-fayen da aka fi saye a ƙasar. Duk mai son nazarinsa zai koma ga wannan faifai guda, ya saurare shi kamar yadda aka ɗauka, ba ragi ba ƙari.

Waƙar baka ta Hausa ba haka take rayuwa ba. Makaɗi yakan ƙirƙiri waƙa a bainar jama'a, ya rera ta yau a kasuwa, gobe a gidan biki, jibi a gidan rediyo, kuma kowace rerawa yana iya ƙara ɗa ko ya yar da wani, gwargwadon waɗanda ke zaune a gabansa. Kafin a ɗauki waƙa a faifai ta riga ta sha yawo. Saboda haka a wannan nazari idan aka ce waƙar farko, ana nufin waƙar da jama'a suka fara sanin makaɗi da ita har ta zame masa tambari. Wannan bambanci yana da amfani, domin shi ne zai nuna cewa waɗanda suka fara ɗaukaka Waƙar Karen Mota su ne mutanen da aka yi ta dominsu, tun kafin kamfani ko rediyo su sa hannu.

3.2 Salsalar waƙar

An haifi Adamu Wayya a garin Bukuru kusa da Jos a shekarar 1946. Mahaifinsa makaɗi ne a gidan Sarkin Hausawan Bukuru, kuma ya rasu ba da daɗewa da haihuwar yaron ba, mahaifiyarsa ma ta bi baya yana ƙarami. Daga nan laƙabin Ɗanmaraya ya samo asali, Sarkin kuma ya riƙe shi. A wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri ne ya ga masu kaɗa kuntigi, abin ya shiga ransa, ya dawo ya haɗa nasa. Kuntigi ɗan ƙaramin abin kiɗa ne mai tsirkiya ɗaya, wanda ake iya yin kansa da gwangwanin kifi a rufe da fata. Da shi ya rayu har rasuwarsa a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015, bayan ya zaga ƙasashe da dama, Jami'ar Jos kuma ta ba shi digirin girmamawa.

Abin lura a nan shi ne irin garin da ya tashi. Bukuru da Jos garuruwan haƙar kuza ne, waɗanda suka tara baƙi daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno, galibinsu 'yan ƙwadago da 'yan cirani. A irin wannan gari asalin mutum bai cika yi masa aiki ba kamar ƙarfinsa, kuma tashar mota ita ce dandali, ita ce masauki, ita ce wurin neman abinci ga yaron da ba shi da kowa. Maraya mai yawo da kuntigi da yaron da ke kwana a ƙarƙashin mota tsarar juna ne, a bakin teburin mai shayi ɗaya suke haɗuwa. A ganina wannan ne ya sa waƙar ta fito da ido irin na wanda ya ga abu da kansa.

Shi karen mota, kamar yadda aka sani, shi ne yaron da ke bin direba. Shi ke kiran fasinja, shi ke lodi da sauke kaya, shi ke ɗaure tamfol. Idan mota ta tsaya a kan tudu shi zai yi tsalle ya sa weji, idan taya ta yi faci shi zai shiga ƙarƙashi da jak, idan ta ƙi tashi shi ne kan gaba wajen turi. Idan an isa gari direba ya tafi masauki, shi ke gadin mota. Ladan wannan duka shi ne abinci, da ɗan abin da direba ya ga dama, da kuma fatar wata rana a miƙa masa sitiyari har ya kai ga yin lasin.

3.3 Turken waƙar

Turken waƙar shi ne yabon karen mota ta hanyar bayyana wahalar aikinsa. A ido wannan ƙaramin abu ne, amma idan aka ɗora shi a kan tsarin kiɗan Hausa za a ga girmansa.

A al'adance yabo yana da masu shi. Makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo sarakuna da masu sarauta suke wa waƙa, kuma abin da suke yabo shi ne asali da gadon mulki da jaruntakar kakanni. Makaɗan sana'a kuwa kowanne da mutanensa: kalangu na mahauta, gangar noma ta manoma, maƙera da nasu kiɗan, 'yan dambe da irin su Muhammadu Bawa Ɗan'anace. To amma duk waɗannan sana'o'i ne na gado, masu sarki da take da kirari, kuma makaɗinsu ya gaji ubangidansa kamar yadda ubangidan ya gaji sana'ar. Aikin mota baƙo ne, ya zo tare da Turawa. Cikin ɗan lokaci ya yi nasa tsarin, da mai mota a sama, sai direba, sai 'yan kamasho, har da Sarkin Tasha, sannan can ƙasa karen mota. Da makaɗa suka waiwayi wannan sabuwar sana'a, sama suka duba. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi wa direbobi da masu motocin sufuri waƙoƙi, kuma ba abin mamaki ba ne, domin su ne sababbin masu kuɗi, su ne masu iya kyautar riga, wani lokaci har da mota. Ɗanmaraya shi ya duba ƙasa.

A nan akwai dalili na tattalin arziki wanda bai kamata a tsallake shi ba. Makaɗin da yake tafe da makaɗa da 'yan amshi da sanƙira yana da bakuna da yawa da zai ciyar, kuma duk abin da aka samu sai an kasa. Irin wannan ƙungiya ba za ta iya ɓata dare guda a kan wanda ba ya da ko sisi ba. Ɗanmaraya kuwa shi kaɗai ne, shi ne mai kiɗa, shi ne mai waƙa, kayan aikinsa kuma suna shiga aljihun riga. Taro da sisin da yaran tasha za su tara masa sun ishe shi kwana. Wato ƙanƙantar kuntigi ita ta ba shi 'yancin zaɓen wanda zai yi wa waƙa. Daga baya rediyo da faifai suka ƙara masa wannan 'yanci, domin sun raba makaɗi da dogaro ga mutum ɗaya, suka mayar da dubban masu sauraro su ne ubangida.

Wannan ya kawo mu ga matsalar rukuni. Wasu manazarta sukan sa Ɗanmaraya cikin makaɗan jama'a, kuma hakan daidai ne idan aka dubi ɗaukacin waƙoƙinsa. Amma wannan waƙa ita kaɗai ta fi kusa da waƙar sana'a, sai dai sana'ar da ba ta da makaɗin gado, kuma mai waƙar bai ɗaure kansa gare ta ba. Ra'ayin mai wannan nazari shi ne, ita ce gadar da aka bi aka tsallaka daga waƙar sana'a ta gargajiya zuwa waƙar zamantakewa ta birni.

3.3.1 Yabo ne ko zambo?

Akwai masu ganin cewa waƙar zambo ce da aka lulluɓe da rigar yabo. Hujjarsu biyu ce. Ta farko, mutane sukan yi dariya idan suna saurarenta. Ta biyu kuma ita ce kalmar kare. A wurin Bahaushe kare abin ƙyama ne, ba ya shiga ɗaki, ba a cin abinci da shi, kuma kiran mutum da sunansa zagi ne. Suna cewa wanda ya ɗauki wannan suna ya sa shi a bakin duniya bai taimaki mai sunan ba.

Wannan magana tana da nauyi, kuma za a sake komawa kanta a gaba. Sai dai ban yarda cewa waƙar zambo ce ba. Zambo a waƙar Hausa yana da aiki sananne: ana yi wa abokin hamayyar ubangida ne, a muzanta shi domin a ɗaga wanda ake yabo. A wannan waƙa babu wani ubangida da za a ɗaga ta hanyar kushe karen mota, shi kansa ne gwarzon waƙar. Haka kuma ba Ɗanmaraya ya raɗa sunan ba, a tasha ya tarar da shi. Kuma ko a cikin harshe kare ba kullum yake abin zagi ba, domin akwai karen farauta wanda maharbi ba ya rabuwa da shi, ana kuma cewa karen bana shi ke maganin zomon bana. Siffofin da suka sa aka ba yaron wannan suna, wato bin ubangida duk inda ya sa ƙafa da gadi da juriya, su ne dai waƙar ta juya ta mayar abin yabo. Dariyar da ake yi kuwa irin wadda mutum yake yi ce idan aka faɗi abin da ya sani sarai amma bai taɓa jin an faɗa a fili ba.

Inda nake ganin waƙar ta gaza shi ne wani wuri dabam. Yabon juriya yana da daɗin ji, amma yana iya sa mai sauraro ya ɗauka cewa wahalar ado ce ga mai ita. Fasinja zai ji waƙar ya tausaya, ya sauka ya bar yaron da buhunsa a ka. Waƙar ta sa an ga karen mota, amma ganin bai zama hakki ba, kuma turken da aka gina ta a kai, wato yabo, ba zai iya ɗaukar wannan kaya ba. Wannan ba laifin matashin makaɗi ba ne, iyakar abin da kayan aikin da ya gada za su iya ke nan. Shi ma da ya ƙara gogewa sai ya koma ga gargaɗi da faɗakarwa kai tsaye, kamar yadda za a gani a ƙasa.

3.4 Zubi da salo

Tunda babu 'yan amshi, kuntigi ne ke karɓa wa Ɗanmaraya. Yakan rera ɗan waƙa gajere, ya saki murya, tsirkiya ta cike gurbin, sannan ya ɗora. Wannan ya sa ɗiyan waƙar ba su da tsawo irin na makaɗan fada, kuma maganar tana fita ɗaya bayan ɗaya ba tare da kiɗa ya danne ta ba. Ga wanda ya saba da tasha, bugun kuntigin mai sauri da maimaituwa yana kama da ƙarar inji da aka bari a kunne ana jiran mota ta cika. Harshen kuwa Hausar tasha ce, mai sauƙi, cike da kalmomin aro na aikin mota, babu tsofaffin kalmomin fada da sai an nemi mai fassara. Wannan ya taimaka ƙwarai wajen karɓuwarta ga waɗanda Hausa ba harshen uwa ba ne gare su, waɗanda suke da yawa a Jos da sauran garuruwan da motoci ke zuwa.

3.5 Gadon da ta bari

Gado na farko a cikin waƙoƙin shi Ɗanmaraya ne. Hanyar da ya buɗe, ta ɗaukar mutumin da ba a kula da shi a sa shi tsakiyar waƙa, ita ya bi har ƙarshen rayuwarsa. A Auren Dole ya tsaya wa yarinyar da iyaye suka aurar ba da sonta ba. A Jawabin Aure ya bi matsalolin miji da mata da illar saki. A Gulma Wuya ya fito da mai shiga tsakanin ma'aurata tana kashe aure. A irin waɗannan waƙoƙi ya ƙware wajen sauya murya yana kwaikwayon mutanen da ke cikin labari, har waƙa ta zama kamar wasan kwaikwayo na mutum ɗaya. Ya kuma yi wa sojojin tarayya waƙa a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Wannan fuska ta mai sharhi kan zaman jama'a ita ta jawo hankalin masana, kamar Habib Ahmed Daba da ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Amurka a 1981, da Graham Furniss da ya tattauna waƙoƙinsa a littafinsa na 1996 kan adabin Hausa. Ta fuskar kiɗa kuma, kuntigi ya zama kusan sunansa na biyu, har masu kaɗa shi a bayansa, irin su Babangida Kakadawo, ba a iya ambatonsu ba tare da an tuna shi ba.

Gado na biyu, wanda ya fi shafar wannan bincike, shi ne na tasha. Gwarzo tana kimanin kilomita 70 yamma da Kano, kuma hanyar da ta tashi daga Kabuga ta wuce sabon matsugunin Jami'ar Bayero, ta ratsa Rimin Gado da ƙasar Kabo, ta shiga Gwarzo, sannan ta miƙe zuwa Dayi a Jihar Katsina inda ake bi zuwa Malumfashi. Ƙasa ce ta noma, kuma tun zamanin dalar gyaɗa manyan motoci ne ke kwashe amfanin gona daga kasuwanni irin su Getso zuwa Kano. Kowace gingimari kuwa da yaranta. Saboda haka ko da yake a Jos aka haifi waƙar, mutumin da take magana a kansa ɗan gida ne a Gwarzo da Kabo. Yaron da ya gudu daga gona ko daga makarantar allo ya bi mota labari ne da kusan kowane ƙauye a wannan yanki ya sani.

Ta iso nan ne ta hanyar akwatin rediyo, musamman Rediyon Kaduna wanda aka buɗe a 1962, kuma ake kama shi a ƙauyukan da ko lantarki ba su da ita. Da kaset ya yawaita a shekarun 1970 da 1980 sai ta shiga cikin motocin kansu. A nan wani abu ya faru mai ban sha'awa: direba ne mai rikoda, shi ke zaɓen kaset, kuma galibin direbobin nan ta hanyar zama karen mota suka bi suka kai ga kujerar da suke kai. Wato mai kunna waƙar tsohon gwarzonta ne, wanda ke rataye a bayan mota kuma sabon gwarzonta ne. Ga direba waƙar tuna baya ce da alfahari, cewa ya sha wuya ya fita. Ga yaro kuwa alkawari ce. Wannan ne, a fahimtata, ya sa ta daɗe fiye da waƙoƙi da yawa da aka yi wa attajiran da yanzu ba a tuna ko su wane ne.

Amma sana'ar ta sauya. A 1978 aka kafa Ƙungiyar Ma'aikatan Sufurin Mota ta Ƙasa, wato NURTW, lodi ya koma bisa layi da rasit a hannun shugabannin tasha. A 1988 aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya, maganar lasin ta ƙara tsauri, daga baya har aka shigo da sharaɗin makarantar koyon tuƙi, abin da ya rage wa tsohuwar hanyar koyo a bayan direba daraja a hukumance. Kiya-kiya da hayis sun mayar da yaron mai karɓar kuɗi, aka fara ce masa kwandasta. Ƙananan motocin da suka yawaita a hanyar Gwarzo daga baya ba su da wurin yaro ko kaɗan, domin kujerarsa kuɗin fasinja ɗaya ce, balle bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. A-daidaita-sahu ma mutum ɗaya ke tuƙa abinsa. Yanzu idan ana neman karen mota irin na waƙar, sai a dubi kanta mai ɗaukar masara da tumatir ranar kasuwa, ko tifa mai ɗibar yashi, ko tirela mai tafiya kudu.

Sunan ma ya ja baya. A tashoshin Gwarzo da Kabo yaron mota ake cewa, kuma wanda ya kira matashi karen mota a gaban mutane yana iya jawo wa kansa faɗa. A nan maganar masu sukar waƙar ta sake tasowa, domin inda kalmar ta fi zama daram a yau shi ne a sunan waƙar. Samari da yawa a wannan yanki da ke da ita a memorin wayarsu sun fara jin kalmar ne daga bakin Ɗanmaraya kafin su ji ta a tasha, kuma idan suka tambayi ma'anarta, dattijon direba ne ke ba su amsa, yakan fara da nuna musu yadda ake sa weji.